Buhun da Ake Kaiwa Badariya

Tun kuna ƙanana kuke ganin duk kaka, in an gama bugun shinkafar fadamarmu ta Argungu, ana ware buhu guda a kai gidan marigayi Barista Labbo a unguwar Badariya ta Birnin Kebbi. Ban taɓa zaunar da ku na faɗa muku dalili ba, kuma da so na yi in tafi da maganar a cikina. Sai bara da Hadiza ta dawo daga gidan biki tana huci, wai wata ta ce mata a tsakiyar mata ubanta ne ya ci bashin Barista Labbo ya kasa biya, shi ne ake ta biya da shinkafa har bayan ran mutumin. Bashi! Ranar ko tuwo ban iya ci ba don haushi. Wadda ta faɗa ba a ma haife ta ba lokacin da abin ya faru. To ku ji daga bakina, tun ina da sauran numfashin faɗa.

Fadamar nan ta Kawu Arzika ce, yayan mahaifiyata. Shi ya ɗauke ni da mahaifina ya rasu ina ɗan yaye, kuma duk wani littafi da na taɓa buɗewa, daga firamare har makarantar lauyoyi, shinkafa da albasar fadamar nan ne suka saye shi. Gida biyu take ciyarwa, nasa da na marayun ƙanensa. Barista Labbo kuwa maigidana ne, Oga muke ce masa. Da na gama karatu, lokacin muna cikin jihar Sakkwato, a ofishinsa na fara zama a Birnin Kebbi. Shi ya koya mini yadda ake miƙewa gaban joji ba tare da gwiwa ta yi rawa ba. Baƙar rigar da na fara shiga kotu da ita ma tsohuwar tasa ce, uwarku Kulu ta rage mata hannu.

Ina ofishin ne wani ɗan kwangila ya taso da cewa wai ƙanen Kawu ya sayar masa da fadamar kafin ya rasu. Alƙalin Argungu ya ba shi gaskiya. Muka ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotu, wadda a wancan zamanin sai lokaci-lokaci take zama a Birnin Kebbi, joji ya zo daga Sakkwato ya yi 'yan kwanaki ya koma. Oga ya ce lauya ba ya riƙe shari'ar gidansu, hannunsa zai yi rawa, don haka shi zai riƙe. Na kai masa Kawu suka gaisa, suka yi hirar ruwa da kifi, aka tashi. Ba wanda ya ta da maganar kuɗin aiki. Kawu ya ji nauyin tambaya, Oga ya ji nauyin faɗa, ni kuma na ji nauyinsu su duka biyun. Daga ranar Kawu bai sake shigowa Birnin Kebbi hannu biyu ba. In kaka ce shinkafa, in rani ne albasa, in an yi kamun kifi a gulbi busasshen kifi. Shi da kansa yake saɓa buhu ya shigar har zauren Oga, yaran gidan su fito da gudu suna kiran Baba ya zo. Ni a raina na san Kawu ladan wahala yake biya yadda manoma suka saba, a yi maka aiki ka saka da abin da gona ta bayar. Na ɗauka Oga ma haka ya fahimta.

Shari'ar ta yi ta jan jiki. A cikin haka na buɗe ɗan ofishina a unguwar Nasarawa, ɗaki guda da tebur da fanka mai ƙara. A shekarar ne kuma ƙungiyarmu ta lauyoyi ta yi wani zama mai zafi a Sakkwato. Abin da ya dame mu, mutum zai sa ka yi ta zirga-zirga da man motarka, in shari'a ta kusa nuna sai ya sulale ya koma wurin wani lauyan mai araha, kai ka tashi a tutar babu. Aka yanke abu biyu. Kada lauya ya karɓi ƙasa da farashin da ƙungiya ta tsayar. Kuma kada lauya ya tsaya wa mutumin da ya baro wani lauya, sai na farkon ya ce an sallame shi. Oga ne shugaban kwamitin da zai tsare dokar. Ni kuwa, da rawar kan ƙuruciya, na miƙe na yi jawabi har da buga tebur, aka tafa mini, aka naɗa ni sakataren ɓangaren Birnin Kebbi. Na dawo gida ina jin kaina kamar wani gwamna.

Sai aikin bankuna ya yi wa Oga yawa a Sakkwato. Aka kira shari'ar Kawu, Oga ba ya nan, aka sake kira ba ya nan. Joji ya fusata, ya ce a zama na gaba in babu lauyan da ya tsaya ya yi magana, zai kori ƙarar. In ya kore ta hukuncin alƙali ya zauna ke nan, ɗan kwangila ya sa garma a fadamar da ruwan farko. Bazara ce, hadari har ya fara leƙowa ta gabas. Kawu ya iso ofishina da hantsi, ko zama bai yi ba.

"Ummaru, kai ma lauya na. Mi kaka jira? Tahi ka amso takarduna ka tsaya min."

Na ce to, don a ganina ba wani abu ba ne. Na sami Oga a gidansa da la'asar. Lokacin Badariya gonaki ne, sai gidaje jefi-jefi. Na yi masa bayani a ladabce. Ya daɗe yana juya kofin shayi a hannu kafin ya ɗago.

"Umar, fayil yana nan. Ran da aka sallame ni ka zo ka ɗauka."

"Oga, sallama kuma? Shinkafar fa? Albasar fa?"

"Wannan gaisuwa ce. Dattijo ya kawo wa iyalina abin arziki, na gode. Ka taɓa jin ya ce mini ga kuɗin aikinka?"

Ya faɗi abin da ya lissafa bisa farashin ƙungiya. Ba zan rubuta adadin ba, ya isa in ce ko a-kori-kurar albasa aka sayar a shekarar ba ta kai ba. Na ce masa ai ya san Kawu ba shi da shi. Sai ya ɗaga murya, abin da bai taɓa yi mini ba.

"Kai ka buga tebur a Sakkwato, ba ni ba! Yanzu so kake in fito in ce ni shugaban kwamiti buhun albasa nake karɓa? Gobe wa zan iya tuhuma?"

Kada ku ɗauka mugu ne. Na yi shekaru ina son in ɗauke shi haka, abin ya ƙi zama. Kuɗin shigar da ƙara daga aljihunsa ya fita, ya je Argungu da motarsa ya taka taɓon fadamar da takalminsa mai tsada. Dokar da muka ɗaura ce ta shaƙe shi, kamar yadda ta shaƙe ni. Amma a ranar, wallahi, ji na yi kamar in kifar masa da butar shayin.

Kulu ta ce a sayar da saniyarta da ke wurin Fulani, a haɗa da motata, a ba shi wani abu ya yi haƙuri da saura. Da Kawu ya ji sai ya harare mu, ya ce duk wanda ya kai wa Barista sisi a kan maganarsa ya nuna shinkafarsa ba komai ba ce, kuma kada ya ƙara taka gidansa. Hanya ɗaya ta rage, in kai maganar gaban kwamiti. Oga ya sauka daga kujerarsa tunda da shi ake, aka ɗora wani dattijon lauya mutumin kudu wanda ya tsufa a Sakkwato, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Mutumin kirki ne. Ya kira ni gefe ya nuna mini ƙofa: in Kawu ya ce da bakinsa abin da yake kawowa biyan aiki ne, ya kuma faɗi yawan buhunan, kwamiti zai yi musu kuɗi da farashin kasuwa, ya ce an biya, a rufe maganar ba tare da an ci mutuncin kowa ba. Na yi murna kamar an ce mini na ci shari'ar.

A mota, tun daga Argungu har muka shigo gari, ba abin da nake yi sai karanta wa Kawu abin da zai faɗa. Biyan aiki ne, buhu kaza ne, shi ke nan. Ya kafa wa gonakin bakin hanya ido, yana jan carbinsa. Na ce Kawu ka ji? Ya ce ya ji.

A ɗakin da lauyoyi ke sa riga a bayan kotu aka zauna, da azahar, zafi kamar a gasa gurasa. 'Yan kwamiti a kan benci guda, Oga a gefe ya harɗe hannu, ni da Kawu a tsakiya. An ba Kawu kujera ya ƙi, ya cire takalmi ya zauna a ƙasa. Dattijon ya tambaye shi cikin lallashi.

"Baba, abubuwan da kake kaiwa gidan Barista, biyan aikinsa ne ko kyauta?"

Na taɓa kafaɗar Kawu, ya ture hannuna.

"A raina dai ladan wahalatai na ɗauke shi," in ji shi. "Hakanan muka yi can wajenmu."

Na sauke ajiyar zuciya. Dattijon ya ɗauki biro.

"Madalla. To buhu nawa ne, Baba, in ka haɗa duka?"

Nan Kawu ya juya ya dubi Oga. Oga ya sunkuyar da kai. Ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haka ba, kamar wanda ake shirin tuɓe wa riga a kasuwa.

"Ni da kaina nika shiga da shi gidanai," Kawu ya ce a hankali. "Ɗiyanai ka tarbata, suna ce min Baba. Matatai ta ba ni ruwa in sha. Yanzu in zauna gaban mutane in ƙirga abin da yaran ga sunka ci? Subhanallahi. Ban iyawa."

"Kawu!" na ce. "Fadamar fa!"

"Rufa min baki, Ummaru. Tunda shi gaisuwa yaɗ ɗauke ta, to gaisuwa ta. Ku rubuta hakanan."

Dattijon ya ajiye biro ya dafe goshi. Ya sake tambaya, ya sauya salo, ya ce ko kintace ne a yi. Kawu ya ƙi ƙara ko kalma. Na zuba wa Oga ido ina jiran ya buɗe baki ya ce ya yafe. Kalma ɗaya ce. Amma sauran 'yan kwamitin suna kallonsa, kuma bai ce ba. Aka rubuta cewa ba a biya ba, aka ja mini kunne a matsayina na sakatare cewa na fi kowa sanin abin da doka ta ce.

A waje na yi wa Kawu faɗan da har yau in na tuna sai in ji tsigar jikina ta tashi. Na ce ya zubar da abincin marayu don kunyar banza. Ya bar ni na gama, ya sa takalminsa, ya ce Allah na nan, ya nufi tasha da ƙafa.

Na koma gida na tarar da Kulu tana tankaɗe a tsakar gida, lokacin cikin Hadiza ya tsufa. Na faɗa mata yadda aka yi. Na ce in na tsaya a kotu ƙungiya za ta juya mini baya, kuma a garin da lauyoyi ba su cika benci biyu ba, wanda aka juya wa baya ya mutu a tsaye. Aikin da nake samu rabinsa wanda manya suka miƙo mini ne. Ta ci gaba da tankaɗenta.

"Kai kaɗ ɗaga hannu ran da anka yi dokar ga," ta ce. "Na hwaɗa maka ka rage zaƙewa, kac ce ban san aiki ba."

"Yanzu lokacin gori ne, Kulu?"

"A'a. Tsoro nika ji, shi as sa nika magana." Ta ajiye rariyar. "Ban san mi za mu ci ba in sun kore ka. Amma shinkafar da ke cikin tukunyar can, daga ina tah hito?"

Sai ta ce in ba ta baƙar rigar ta goge.

Takardun ƙarar na bi na samu kwafi a wurin rajistara, wannan ba wuya. Wuyar tana ranar zama. Na shiga kotu da safe na ga Oga zaune a bencin gaba, ya zo wata shari'ar banki. Kawu yana can baya cikin jama'a da babbar rigarsa ta Juma'a. Ɗan kwangila da lauyansa suna ta murmushi, don labari ya riga ya zaga. Aka kira ƙarar. Lauyan can ya miƙe ya gabatar da kansa. Joji ya dubi ɓangarenmu ta saman tabarau ya ce wa ke tsaya wa mai ɗaukaka ƙara. Na ba Oga dama, na ce ko zai miƙe. Bai motsa ba. Joji ya jawo fayil ɗin gabansa ya cire murfin alƙalami. Wanda ke kusa da ni ya danne mini gefen riga da gwiwarsa, ya ce ƙasa-ƙasa, kada ka kashe kanka. Na fizge rigar na miƙe.

Joji ya ce sunan Barista Labbo ne a rubuce, ko yana da ja? Da ya ce yana da ja, ko ɗagewa za a yi, ko joji zai kori ƙarar, ban sani ba. Oga ya miƙe a hankali, bai dube ni ba.

"Ya mai shari'a, na janye daga wannan ƙara. Saura tsakanina da abokin aikina ne, ba na kotu ba."

Ya zauna. Na yi magana ranar har muryata ta dushe. Ba a yanke hukunci ba sai bayan wani dogon lokaci, amma ƙarar ta rayu, joji ya hana kowa taɓa fadamar sai mai nomanta, Kawu ya yi shuka da ruwan farko. Daga baya aka rushe hukuncin alƙali, don shaidun cinikin sun kasa haɗa bakinsu.

Abin da na ji tsoro kuwa bai fasa zuwa ba. A zaman ƙungiya na gaba aka karanta sunana, aka tuɓe ni daga sakatare, Oga yana kan kujerar kwamiti. Ba wanda ya sake miƙo mini aiki. In na shiga ɗakin sa riga hira ta mutu. In ina da shari'a biyu a rana guda ba mai riƙe mini ɗaya. Na saki ofishin Nasarawa na dawo zauren gida, motar ta tafi, na koma kan babur da baƙar riga a ƙunshe cikin leda. Sunan Hadiza da ɗan akuya aka yi shi, kuma saniyar Kulu ma daga baya ta bi motar. Uwarku ba ta taɓa yi mini gori a kan wannan ba, ko sau ɗaya, ita da ba ta barin kowa ya sha ruwa in ya yi kuskure. Na ji zafin shekarun nan, ba zan ɓoye muku ba. Na ji zafin Oga fiye da na kowa, don shi nake so ya ce na yi daidai.

Da kaka ta yi, sai ga Kawu a ƙofar gida da buhu biyu a motar kasuwa. Aka sauke ɗaya aka shigar. Na kama ɗayan, ya ce in bar shi nan.

"Wanga na Barista na. Bayana ya hana ni ɗauka bana. Kai za ka kai mai."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce wane Baristan? Mutumin da ya kusa sa fadamar ta salwanta? Wanda ya zauna aka tuɓe ni? Na rantse ba zan kai ba, na ce gara in zuba wa kaji. Kawu ya bar ni na yi ta bambami har maƙwabta suka fara leƙe.

"Kai ad da hwaɗa da shi, ni ban da," ya ce. "Ya shiga taɓo sabadda ni. Kuma yaran ga sun saba. In bana ba su ga buhu ba, mi za su ce? Su ce ashe dā can ciniki na."

Na ɗaure buhun a bayan babur ina ƙunƙuni har Badariya. Niyyata in jefar a ƙofa in juya. Ina kwance igiya sai ga Oga ya fito da kansa, daga shi sai 'yar shara. Ya dubi buhun, ya dube ni. Na ga idonsa ya kaɗa. Na jira ya ce wani abu, shi ma ina jin jira yake in ce. Sai ya sunkuya ya kama kunnen buhun guda, na kama ɗayan, muka ɗaga. Ya yi mana nauyi, mu biyu da ba mu saba ɗaukar komai ba sai fayil, muna tafiya muna tangaɗi har cikin zaure. Muka jingine shi a inda Kawu ya saba jinginewa. Na fito na hau babur ɗina.

Har Oga ya koma ga Allah ba mu sake zama mun yi hira ba, sai gaisuwa a bakin kotu. Bai taɓa aiko da takardar neman kuɗinsa ba, fayil ɗin kuma bai taɓa dawowa ba. Kawu ya rasu, na ci gaba da kaiwa. Yanzu jikokin Oga ne ke fitowa da gudu.

Don haka in na kwanta dama, Hadiza, ke ce babba, ki tsaya a kan ƙannenki a ci gaba da kaiwa, daga shinkafar farko, mai kyau, ba ta ƙasan masussuka ba. In wani ya tambaye ku buhu nawa aka kai gidan nan tun farko, ku ce ba ku sani ba. Ni ma ban sani ba. Kawu ya gwammace ya rasa fadamarsa da ya ƙirga buhunan, ni kuma ba a hannuna za a fara ba.